Sunan Baba Danjuma Ne Ya Fito, Amma Hannuna Ne Ya Danna

Daga admin: Wani ɗan'uwa a guruf ɗin nan ne ya turo wannan, ya roƙi a ɓoye sunansa. A karanta har ƙarshe kafin a yi magana, kuma banda zagi.

Assalamu alaikum 'yan'uwa maza da mata. Don Allah ku ba ni shawara, akwai wata takarda a jakata yau kwana huɗu, na kasa kai ta inda aka aike ni, na kuma kasa mayar da ita. Ba tausayi nake nema ba, ni ne mai laifi daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗi komai yadda ya faru. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni mutumin Zariya ne, shekarata talatin da huɗu, ina da mata da yara biyu, muna zaune a Kubwa. Karatuna bai wuce sakandare ba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayan mahaifiyata ne ya ɗauko ni ya kawo ni Abuja, shi ya ciyar da ni, shi ya yi min aure, kuma har yau mahaifiyata tana zaune a ɓangaren da ya gina mata a gidansa da ke Jiwa. Kawu nake kiransa. Yana da babban shagon tayil da kayan banɗaki a kasuwar Dei-Dei, a nan na tashi.

Aikin shafin intanet ba a makaranta na koya ba, da kallon bidiyo a waya na koya, ina ɓatawa ina gyarawa. Lokacin da gine-gine suka yi yawa a garin nan, estet yana tashi ta ko'ina, 'yan kwangila suka fara tambayar Kawu ko yana da websayit da za su duba kaya daga ofis. Sai na ce zan iya, na gina masa. Ranar da ya ga sunan shagonsa a waya ya zagaya layinmu kaf yana nuna wa maƙwabta, yana cewa ɗan ƙanwarsa ne ya yi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bari in ɗan yi bayani, don a nan matsalar take. Akwai manhajar da muke gina shafi da ita, muna ce mata si-em-es. Kana shiga ta baya da suna da faswod, ka sa hoto, ka canza bayanin kaya, ba sai ka iya rubutun kwamfuta ba. A cikin saitinta akwai wani ɗan akwati inda ake rubuta adireshin shafin kansa, kuma manhajar ta yarda da abin da ke cikin akwatin nan fiye da komai. Idan ka rubuta mata wani adireshi daban, duk wanda ya zo za ta ce masa ba nan ba ne, mun tashi, mun koma can, ta tura shi kafin ma ya lura. Wannan turawar ita muke kira ridairet.

Manajan shagon Kawu wani dattijo ne, Baba Danjuma, Kirista ne mutumin Uke ta hanyar Keffi. Shekara ashirin da biyu suna tare, tun shagon yana kwantena ɗaya. Makullin sito a ƙugunsa yake kwana. Ranar Juma'a shi ke tsare shago mu tafi masallaci, kullum sai ya ce mana ku sa ni a addu'a, amma kar ku tsaya wajen mai masa a hanyar dawowa. Shi ya koya min ƙwanƙwasa tayil da yatsa in gane mai kyau da mai rami ta ƙararsa. Da na fara aikin kwamfuta ya laƙaba min suna Injiniyan Kawu, in na yi kuskure ya ce digirin waya ne, a yi masa haƙuri. Na buɗe masa akawun a shafin da sunan manaja, don ya riƙa cire kayan da suka ƙare. Da yatsa ɗaya yake dannawa, yana ɗaga tabarau. Ni na zaɓa masa faswod, a laftof ɗina na koya masa shiga, laftof ɗin kuma ya adana sunan da faswod ɗin tun daga ranar.

Akwai kuma Sabi'u. Shekara goma ya yi a ƙarƙashin Kawu, daga baya ya fita ya buɗe nasa shagon a layi na gaba, kwastomomi da dama suka bi shi, rabuwar ba ta yi daɗi ba ko kaɗan. Kawu ya tara mu ya ce duk wanda ke tare da shi kada ya ga ƙafarsa a ƙofar Sabi'u. Baba Danjuma kaɗai ya ce shi ba zai iya ba, shi ya koya wa Sabi'u aiki, ba zai gan shi a hanya ya kau da kai ba. Har buɗe shagon ya je. Kawu ya yi kwana biyu ba ya yi masa magana, daga baya ya haƙura, amma abin bai fita daga ransa ba.

Laifina na farko shi ne na karɓi aikin Sabi'u a ɓoye. Ya same ni a Kubwa ya ce in gina masa shafi irin na Kawu, na ce masa kada kowa ya ji, ya ce ba mai ji. Saboda lalaci ban ma canza tsari ba, na yi masa da irin manhajar, da irin zubin. Idan ka shiga ta baya, shafin Kawu da na Sabi'u ba ka bambance su sai ka karanta ɗan ƙaramin sunan da ke sama.

Wata ranar Alhamis zan tafi Zariya sunan ɗan ƙanwata. Na gaya wa Kawu da azahar zan kama hanya, shi kuma ya tafi Zuba duba wata mota, bai dawo ba ranar. Ban tafi da azahar ba. Sabi'u ya sayi sabon adireshi gajere, yana ta kirana in mayar da shafinsa can kafin in yi tafiya. Sai na zauna a ofishin Kawu na bayan shago, da wayifai ɗin Kawu, ina yi wa Sabi'u aiki. Taga biyu ne a buɗe a laftof ɗin. Ɗaya ta Kawu, na sa hotunan sabbin tayil da safe, kuma da sunan manaja na shiga, don shi laftof ɗin ke cikawa da kansa, ni kuma ƙyuyar rubuta nawa nake yi. Ɗayar ta Sabi'u ce. Bayan la'asar ina shirin canza adireshin sai ga Baba Danjuma ya turo ƙofa da dafaffiyar gyaɗa a leda, ya ce Injiniya ba ka tafi ba, ga guzuri. Na yi sauri na koma tagar Kawu don kada ya ga sunan Sabi'u. Ya tsaya ya ɗan zolaye ni, ya ba ni saƙon barka ga ƙanwata, ya fita.

Yana fita na manta na sauya taga. Na shiga saiti, na goge abin da ke cikin akwatin ban ko karanta ba, na liƙa sabon adireshin Sabi'u, na danna. Nan take ta jefa ni cikin shafin Sabi'u, don abin da na umarce ta ke nan. Na duba na ga nasa akwatin har yanzu tsohon adireshi ne a ciki, na ce netwok ne bai kama ba, na sake yi, wannan karon a inda ya dace, ya zauna. Na rufe laftof, na ɗauki gyaɗata na tafi tasha, raina fes.

Kwana huɗu duk wanda ya rubuta adireshin Kawu a shagon Sabi'u yake samun kansa. Wani ɗan kwangila da ya daɗe yana hulɗa da Kawu ne ya kira shi yana masa murna, wai ashe Alhaji kun shirya da yaronka har kun haɗe shago. Kafin yamma zancen ya zagaya kasuwa, wasu na cewa Sabi'u ya saye Alhaji. Kawu mutum ne da zai jure asara, amma ba ya jure dariya.

Ranar Litinin da na dawo ya miƙo min wayarsa ba tare da ya amsa gaisuwata ba. Ina ganin tambarin Sabi'u, a daƙiƙar nan na tuna gyaɗar, na tuna tagar, na san komai. 'Yan'uwa, a nan ya kamata in buɗe baki. Da na ce Kawu ni ne, kuskure ne, da ya zage ni, ƙila ya mare ni, da yanzu an manta. Amma in na faɗi kuskuren dole in faɗi dalilin da adireshin Sabi'u yake hannuna. Sai na ce ƙila hakin aka yi mana, wato ɓarayin intanet ne suka fasa shafin, zan bincika. Ya ce ba sai na wahala ba, ɗan kwangilar nan ya haɗa shi da wata ƙwararriya daga Wuse, tana hanya.

Injiniya Bose sunanta, Bayarabiya ce haihuwar Kaduna, Hausarta ta fi tawa. Ta zauna a kujerar da na yi ɓarnar a kai, Kawu a gefenta, ni da Baba Danjuma a tsaye. Tana aiki tana bayani. Ta ce turawa irin wannan wuri huɗu take fitowa, kuma za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da kamfanin da muka sayi adireshin a wajensu, ta ce a can ma ana iya saita tura mutane wani wuri, ta duba ba a taɓa komai ba. Ta shiga saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ta buɗe fayil ɗin da ake rubuta dokokin turawa, babu layin da bai kamata ba. Ta kashe ƙananan manhajojin da muke ƙarawa, fulogin, gaba ɗaya, shafin bai fasa gudu wajen Sabi'u ba. Ni dai ina tsaye ina addu'a a zuciyata Allah ya sa ta gaji.

Ba ta gaji ba. Ta buɗe wata baƙar taga ta rubuta umarni, ta ce duk lokacin da waya ta nemi shafi akwai 'yar amsa da ke fara zuwa wadda ido ba ya gani, ita za ta karanta. Amsar ta fito. Ta nuna wa Kawu da biro, ta ce wannan lamba ɗari uku da ɗaya tana nufin mun tashi har abada, wannan layin adireshin da aka koma ne, wannan na ƙasa kuma yana faɗin wanda ya yi turawar. Sunan manhajar ne a wurin. Ta ce, "Alhaji, ba ɓarawo ne ya fasa daga waje ba. Manhajarku ce da kanta take turawa, kuma ba ta yin haka sai an gaya mata daga ciki."

Tunda ƙofar bayan ma tana turawa, sai ta zagaya ta saba ta shiga rumbun bayanan shafin, ta sami akwatin, ga adireshin Sabi'u zaune a ciki. Ta gyara a minti ɗaya. Kawu ya ce gyara bai dame shi ba, wa ya yi. Akwai log da ke rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya taɓa, ni na saka shi da hannuna tun farko don in burge Kawu. Ta buɗe. Manaja, ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar, daga wayifai ɗin shago.

Baba Danjuma ya cire tabarau ya sake sawa, ya ce Alhaji ban gane ba. Injiniya Bose ta yi saurin cewa a yi hattara, log yana nuna makullin da aka buɗe ƙofa da shi ne, ba ya nuna hannun da ya riƙe makullin. Ta juyo ta tambaye ni ko akwai wanda ya san faswod ɗin manaja bayan shi. Na ce ni na buɗe masa tun farko, amma ya daɗe da canzawa. Baba Danjuma ya dube ni, ya ce a hankali, "Na canza? Ban tuna ba." Kawu ya ɗauki wannan a matsayin kame-kame. Ni Kawu bai tambaye ni komai ba, a saninsa ina kan hanyar Zariya a lokacin. Baba Danjuma ya san ba na kan hanya, shi ya kawo min gyaɗa, amma bai faɗa ba.

Na raka Injiniya Bose wajen motarta. Ta buɗe ƙofa, ta tsaya, ta ce min ta duba shafin can da ake turawa, kuma hannu ɗaya ne ya gina shafukan nan biyu, ko makaho a aikin zai gane. Ta ce ba ta faɗa a ciki ba saboda zato ne, kuma ba a gidan mutane za ta jefa zato ba, amma tsohon nan bai yi kama da wanda ya san inda saiti yake ba. Ta ce, "Ƙanina, ka koma ciki yanzu, tun bai yi nisa ba." Na ce ban san abin da take nufi ba. Ta dube ni, ta ja motarta.

Kafin in koma Kawu ya riga ya fara. A bakin shago ya yi, gaban 'yan lodi da maƙwabta. Ya tuno zuwan Baba buɗe shagon Sabi'u, ya tuno gaisuwar da suke yi, ya ce shekara ashirin da biyu yana kiwon maciji, ya ce ya faɗi abin da aka ba shi. Baba bai ɗaga murya ba, ya rantse sau ɗaya, da ya ga ba a saurara sai ya kwance makullai daga ƙugunsa ya ɗora a kan kwalin tayil. Ya shiga ya ɗauko Baibul ɗinsa da 'yar rediyonsa da kofin shayinsa. Da zai wuce ni ya dafa kafaɗata ya ce in kula da Alhaji, hawan jininsa ba ya son irin wannan.

Sabi'u ya aiko dattawan layi su rantse wa Kawu bai san komai ba, Kawu ya ƙi sauraronsu. Shi Sabi'un ya kira ni ya ce kai ne ko, na roƙe shi ya rufa min asiri. Ya ce ba zai tona ba, don ko ya faɗa Kawu ba zai yarda da bakinsa ba, amma in ba shi faswod ɗinsa, kada in sake taɓa masa shafi, kuma Baba Danjuma yana wuyana.

Akwai wani abu da ya ƙara faruwa wanda ya fi ci min rai. Kwana uku bayan an gyara, Kawu ya buɗe shafin a wayarsa sai ga Sabi'u kuma. Ni na san dalili. Tunda an gaya wa waya mun tashi har abada, takan riƙe a ƙwaƙwalwarta, ba ta sake tambaya, sai an goge mata. Maganar minti ɗaya ce. Amma kafin in yi magana Kawu ya riga ya danna lambar Baba, ya sa a sifika, yana cewa ashe daga gida ma bai bar shi ba, ya faɗa masa maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ina jin numfashin tsohon a waya yana cewa Alhaji ko kwamfuta ba ni da ita. Na tsaya har Kawu ya gama ya kashe, sannan na karɓi wayar na goge, na ce ai wayar ce ta riƙe. Kawu ya ce ko ma mene ne, Baba ne ya jawo.

Ba wanda ya ɗauki Baba Danjuma aiki a Dei-Dei, wa zai ba mutumin da aka ce ya sayar da ubangidansa makullin sito. Ya saki ɗakin da yake haya ya koma Uke. Makullan kuma Kawu ni ya ba. Wata takwas ina yawo da su a ƙuguna.

Makon da ya wuce 'yarsa Rahila, malamar firamare ce, ta kira ni ta ce Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, an sallamo su daga asibiti, kuma sunana yake ta kira. Ranar Asabar na tafi. Na sha goslo a Mararaba, ina fatan kada hanyar ta buɗe. Na same shi a kan tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ya rame, bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar. Yana ganina ya yi dariya da rabin fuska ya ce, "Injiniyan Kawu, makulli ya karɓe ka, har tumbi ka yi." Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yarana da sunayensu, ya tambaya ko Alhaji yana shan maganinsa.

Daga nan ya sa Rahila ta ɗauko takarda. Ya ce wata takwas yana tunani. Ranar Alhamis ɗin nan lallai ya shiga kwamfutar shago da yamma ya cire wani tayil da ya ƙare, idonsa kuma ba shi da kyau. Ya ce injin ba ya ƙarya, tunda ya ce manaja, ƙila hannunsa ya taɓa wani abu bai sani ba. Ya riƙe hannuna da hagunsa ya ce, "Kai ka san aikin nan. Gaya min gaskiya, ɗana. Zai yiwu?"

Ba zai yiwu ba. Mutum ba ya rubuta cikakken adireshin da bai taɓa gani ba bisa kuskure. Amma na ce masa, komai yana iya faruwa a kwamfuta, Baba.

Ya gyaɗa kai kamar an sauke masa kaya. Ya ce to in kai wa Alhaji takardar, ya amsa laifinsa, ba da gangan ba ne, ya yafe masa. Ya ce ba aiki yake so ba, ko an ba shi ba zai iya ba. So yake Alhaji ya zo ya zauna a kan tabarmar nan ya kira shi Danjuma kamar da, kafin Ubangiji ya kira shi. Tunda hannun dama ba ya aiki, da babban yatsan hagu ya dangwala a ƙasan takardar. Da na tashi tafiya ya ce, "Ranar ma na kawo maka gyaɗa, ka tuna? Ta yi gishiri?" Na ce ta yi daidai. Ya ce madalla, ya rufe ido. Wallahi har yanzu ban sani ba, ko hira ce kawai ta tsoho, ko kuwa ya sani tun ranar farko, yana ba ni dama ta ƙarshe ne.

Rahila ta raka ni bakin titi. Ta ce ita ta rubuta takardar saboda ba ta iya ƙin maganar mahaifinta a halin da yake, amma tana rubutawa tana kuka, don ta san bai yi ba, mutumin da sai ta nemo masa lamba a wayarsa. Ta ce a cocinsu har an daina ba shi ajiyar makullin ɗakin kaya da ya riƙe shekara da shekaru, ba wanda ya faɗi dalili, kowa ya sani. Ta ce idan takardar nan ta isa, shi ke nan, babanta zai mutu mai laifi, da rubutun hannunta. Ta roƙe ni in sake bincikawa ko sau ɗaya, tunda ni ɗan gida ne kuma Baba ya yarda da ni.

Shekaranjiya na gwada Kawu. Na ce na ji Baba Danjuma ba shi da lafiya sosai. Ya daɗe yana kallon titi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Da zai amsa laifinsa, yau ɗin nan zan shiga mota." Takardar tana jakata a gefen ƙafata lokacin da ya faɗi haka.

To kun ga inda nake. Idan na miƙa takardar, Kawu zai je Uke, za su rungumi juna, Baba zai samu abin da yake so, ni kuma ba wanda zai taɓa sani. Amma zai zama na sa marar laifi ya nemi gafarar abin da ni na yi, Kawu ya yafe masa yana jin shi ne mai kirki, kasuwa ta ce ai dama ya amsa. Idan na faɗi gaskiya, Kawu zai san ɗan da ya raina ya yi wa Sabi'u aiki a cikin ofishinsa, ya yi masa ƙarya a gaban baƙuwa, ya tsaya yana kallo ya wulaƙanta amininsa a bainar jama'a. Na san halinsa, in ya yanke mutum ya yanke. Ban damu da makullan ba, sun daɗe suna min nauyi. Mahaifiyata nake tunani, da wane ido za ta zauna a gidansa. Sannan shi kansa, da hawan jinin nan, ina tsoron abin da zai same shi idan ya tuna kiran da ya yi a sifika. Matata kaɗai na gaya wa, sai ta tambaye ni da mahaifina ne aka yi wa haka me zan so. Na tambayi wani malami ba tare da ambaton suna ba, ya ce istigfari ba ya ɗauke haƙƙin mutum, sai an mayar masa da abinsa, kuma abin da na ɗauka suna ne, a inda aka ɓata shi a nan ake gyarawa.

A zuciyata na san takardar nan bai kamata ta isa ba. Abin da na rasa shi ne ƙarfin hali da kuma hanya. Wa zan fara tunkara, Baba ko Kawu? Idan Baba ne, jikinsa zai ɗauki jin cewa wanda yake kira ɗana ne ya yi masa haka, ko kuwa kullum da na ƙara ina ƙwace masa kwana ɗaya ne daga 'yan kwanakin da zai yi da sunansa a wanke? Idan Kawu ne, in je ni kaɗai, ko in roƙi Injiniya Bose ta zo ta sake nuna masa a kwamfuta, ko in fara gaya wa mahaifiyata ta shige gaba? Kuma tunda a bakin shago aka tozarta shi, wajibi ne in tsaya a bakin shagon nan in faɗa gaban 'yan lodi da maƙwabta, ko faɗa wa su biyun ya wadatar? Masu ilimin addini da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ku yi min magana, ko mai zafi ce zan karanta.

Rahila ta ce za ta kira ni ranar Lahadi in sun taso daga coci, don Baba kullum sai ya sa an juya masa tabarma ta fuskanci titi, yana tambaya ko an ga motar Alhaji. Yau Laraba. Ɗazu na sake buɗe takardar, tawadar yatsan nasa ta ɗan goge a gefe, kuma a saman tawadar, Rahila ta rubuta abin da ya ce ta rubuta: "Ni ne na yi." Waɗannan kalmomin nawa ne, shi ya faɗe su a madadina. Ku taimake ni da yadda zan je in karɓi abina.